Tanderun Kalambaina: Siminti, Rance da Muhallin Sakkwato

A watan Yunin 2023 hukumar IFC, reshen Bankin Duniya da ke hulɗa da kamfanoni masu zaman kansu, ta sanar da rancen dala miliyan 500 ga kamfanin BUA Cement domin faɗaɗa masana'antarsa ta Kalambaina, a ƙaramar hukumar Wamakko, bakin birnin Sakkwato. Kuɗin ba daga aljihu ɗaya suka fito ba. IFC ta zuba nata, ta tattaro na wasu masu zuba jari, Bankin Raya Afirka ya kawo dala miliyan 100, Africa Finance Corporation ta kawo miliyan 100, sai DEG ta ƙasar Jamus da miliyan 45. Yawan kuɗin da guraben aiki su ne suka ɗauke hankalin jaridu. Amma a cikin sanarwar akwai alƙawuran da suka shafi iskar da muke shaƙa: sababbin layukan sarrafa simintin da za a gina za su rage cin makamashi, wani ɓangare na wutarsu zai fito daga shara da hasken rana, sannan za a maye gurbin wasu tirelolin dizal da masu amfani da iskar gas.

Abin da na fahimta game da wannan lamari shi ne, sauyin da ake yi a Kalambaina na gaske ne, amma yana sauri ne a inda ribar kamfani da lafiyar muhalli suka haɗa hanya. Inda suka raba hanya kuwa, sai an samu mai tsayawa a kai. Rancen nan ya miƙa wa Sakkwatawa wata igiya da za su iya riƙewa, kuma da yawanmu ba mu ma san tana hannunmu ba.

Masana'antar ta girmi yawancin masu aiki a cikinta. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, shi ya assasa ta a 1962 da sunan Kamfanin Simintin Arewacin Najeriya, wato CCNN. Ta fara fitar da siminti a 1967, bayan rasuwarsa, da ƙarfin tan 100,000 a shekara. A 1985 aka ƙara layi na biyu mai tan 500,000, a 1986 kuma aka kashe tanderun farko saboda abin da yake ci ya fi abin da yake kawowa. Da gwamnatin Obasanjo ta shiga sayar da kamfanonin gwamnati, a 2000 kamfanin Scancem na ƙasar Nowe, wanda ke ƙarƙashin Heidelberg na Jamus, ya karɓi ragama. Daga baya hannun jarin ya koma wa kamfanin Damnaz, a 2010 kuma BUA na Alhaji Abdul Samad Rabiu ya saye Damnaz ɗin. Tun daga nan gini bai tsaya ba. Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya buɗe layi mai tan miliyan 1.5 a Yulin 2018, Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe mai tan miliyan 3 a Janairun 2022, wani mai miliyan 3 ya biyo baya a 2024. Idan aka haɗa, Kalambaina na iya fitar da kimanin tan miliyan 8 a shekara, ninki 80 na abin da ta fara da shi.

Dalilin kafa ta a wurin yana ƙarƙashin ƙasa. Kimanin shekaru miliyan 60 da suka shuɗe teku ne ya malale wannan yanki, ɓawon halittun ruwa ya yi ta taruwa har ya zama shimfiɗar dutsen farar ƙasa. Masana ilimin ƙasa da sunan Kalambaina suke kiran wannan shimfiɗa a littattafansu. Wanda ya ɗauki gutsuren dutsen ya duba da kyau yakan ga sawun ɓawon a jikinsa. Ikon Allah ke nan: garin da ake kukan zafi da ƙarancin ruwa, arzikinsa ragowar teku ne.

Hayaƙin da ke cikin dutse

Ba za a gane iyakar abin da kamfanin siminti zai iya gyarawa ba sai an san yadda ake yin simintin. Ana fasa dutsen, a niƙa shi tare da yumɓu da ɗan jan ƙasa mai sinadarin ƙarfe, a tura garin cikin tanderu. Tanderun wani dogon bututun ƙarfe ne a kwance, yana juyawa a hankali dare da rana, zafin da kayan ke kaiwa a cikinsa digiri 1,450 ne. Abin da ke faɗowa ta ɗaya bakin dunƙule-dunƙule ne masu launin toka, sunansu kilinka. Kilinkar ake niƙawa da jifsam kaɗan, wani farin ma'adini, ta zama simintin da muke saya a buhu mai kilo 50.

Tun kafin garin ya kai tsakiyar wuta, da zafi ya kai wajen digiri 900, dutsen ke rabuwa biyu: farar ƙasar ta zauna, iskar kabon ta tashi sama. Kowane tan na tsantsar dutsen yana sakin kilo 440 na wannan iska, kuma babu wata dabara da za ta hana, domin rabuwar ita ce aikin. Shi ya sa a masana'antar siminti kimanin kashi 60 cikin 100 na iskar kabon daga dutsen take fitowa, kashi 40 ne kawai daga man da aka ƙona. A duniya baki ɗaya siminti na da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa, ita ce kuma babbar mai ɗumama duniya.

Duk wanda ya karanta sanarwar wani kamfanin siminti kan kare muhalli, ya fara tambaya: a kan kashi 40 ake magana ko a kan kashi 60? Alƙawuran Kalambaina na 2023 a kan kashi 40 suke, da wutar lantarki, da motoci.

Wannan bai rage musu daraja ba. Doguwar hasumiyar da ake hangowa daga nesa a kowane sabon layi aikinta ceton zafi ne. Iskar da ta fito daga tanderu da zafinta ba a barin ta tafi haka nan, ana bi da ita ta hawa-hawan hasumiyar tana ɗumama garin dutsen da ke saukowa, kamar yadda uwargida ke ajiye tukunyar ruwa a gefen murhu don kada zafin da ke fita ya tafi a banza. Tsofaffin masana'antu na shekarun 1960 da yawansu da ruwa suke kwaɓa garin kafin a ƙona, sai an ƙafe ruwan tukuna a fara aikin gaske, kuma wannan hanya tana cin makamashi kusan ninki biyu na busasshiyar hanyar yanzu. Saboda haka buhun da ya fito daga sabon layi ya fi na da sauƙin hayaƙi nesa ba kusa ba, tun ma ba a taɓa batun irin man ba.

Gas a bayan mota

Matsalar Sakkwato ita ce nisa. Masana'antun Obajana a Kogi da Ibese a Ogun suna da bututun gas kusa da su. Mu ba mu da shi, kuma bututun AKK mai tsawon kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, daga Ajaokuta ya taso ya bi ta Kaduna, a Kano zai tsaya. Shekaru masu yawa baƙin mai, wato man nan mai kauri da matatun mai ke fitarwa, shi ne abincin tanderun Kalambaina, ana kawo shi a tankoki, in matatun ƙasar suka tsaya a shiga wahala. Layin 2018 an gina shi yana iya cin kwal ko baƙin mai. Dukansu biyu masu hayaƙi ne, kwal ya fi, baƙin mai kuma yana da sinadarin ƙibiritu mai cin ƙirji.

Mafitar da kamfanin ya kama ita ce a kawo gas ɗin a mota. Idan aka sanyaya iskar gas har digiri 162 ƙasa da sifili, sai ta zama ruwa, girmanta ya ragu ninki 600, a iya zuba ta a tanka. Kamfanin Greenville da ke Rumuji a Jihar Ribas ya yi suna a wannan sana'a ta kai gas arewa ta hanyar mota. Tankar ba irin ta fetur ba ce. Bango biyu gare ta, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu don kada zafin waje ya shiga. Tana tasowa daga Neja Dalta ta yi tafiyar sama da kilomita 1,000, ta ratsa hanyoyin da direbobi suka san halin tsaronsu, kafin ta iso. A wurin saukewa ana bi da ruwan ta wasu bututai masu fikafikan ƙarfe domin ya koma iska, sai ka ga ƙanƙara fari fat ta kama ƙarfen, alhali ana tsakiyar zafin Afrilu, wanda ke wuce digiri 40. Domin wutar lantarki kuma, BUA ya ba kamfanin Wärtsilä na ƙasar Finlan kwangilar tasha mai megawat 48, daga baya wata mai megawat 70, injunan suna aiki da gas ɗin, in ya yanke a juya su kan mai.

To nawa ake ragewa? A zafi iri ɗaya, gas na fitar da iskar kabon ƙasa da baƙin mai da kimanin kashi 27 cikin 100, ƙasa da kwal da kimanin kashi 40. Sai a tuna cewa a kan kashi 40 na hayaƙin tanderu kawai wannan ragi yake hawa. Lissafin ya nuna barin baƙin mai zuwa gas zai rage jimlar da kashi 10 ko 11, barin kwal kuma kashi 16 ko kusa da haka. Daga ciki sai a cire abin da tankokin suka ƙona a hanya, da makamashin sanyaya gas ɗin, da duk wanda ya tsiyaye, domin iskar gas da ta tsere ba a ƙona ta ba ta fi iskar kabon ɗumama duniya. Ragin na nan, amma matsakaici ne. Inda gas ya fi amfani ga maƙwabta shi ne ba shi da toka, ƙibiritunsa kuma kusan babu.

Ba na ganin laifi a faɗi cewa kuɗi ne suka tura wannan sauyi. Litar dizal da ba ta kai naira 300 ba a 2021 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2023. Kamfanin da ke da ɗaruruwan tireloli a kan hanyar Gusau, Birnin Kebbi da Illela, ko ba a yi masa wa'azin muhalli ba zai nemi gas. A Janairun 2025 aka aza harsashin ƙananan tashoshin sanyaya gas guda biyar a Ajaokuta, ɗaya ta BUA ce. Idan ta fara aiki, tafiyar tankokin za ta ragu sosai. Ni a wurina gyaran da riba ke ɗauke da shi ya fi wanda aka yi don a yaba, domin shi ba ya mutuwa idan an sauya manaja.

Ɓuntu, kara da leda

Alƙawarin ƙona shara shi ne wanda zai fi taɓa talaka kai tsaye, ta alheri ko akasin haka, kuma shi aka fi yi wa kallon sama-sama.

Tanderun siminti ba ya zaɓen abinci. Tsofaffin tayoyi, leda, baƙin man injin da ya gama aiki, ragowar amfanin gona, duk yana ci, tokar kuma ta shige cikin kilinka. Kamfanin Lafarge ya daɗe yana ƙona ɓawon kwakwar manja a Ewekoro. Mu namu abin da ke kusa shi ne ɓuntun shinkafa. Fadamun gulbin Rima daga Goronyo da Wurno har Argungu shinkafa suke bayarwa, kuma kimanin kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shinkafar da ba a casa ba ɓuntu ne. Zafin da kilo ɗaya na ɓuntu ke bayarwa kusan rabin na kwal ne, tokarsa kuma cike take da sinadarin yashi, wanda dama kilinka na buƙata. Aibinsa ɗaya: ba shi da nauyi. Tirela za ta cika maƙil alhali abin da ta ɗauko bai taka kara ya karya ba, don haka daga nesa ba ya biyan kuɗin mota.

Duk wanda ya leƙa bayan ƙaramin injin casar shinkafa ya san tsibin nan. Launin ƙasa-ƙasa, ya fi mutum tsawo, wani gefen yana cin wuta a hankali kwana da kwanaki, hayaƙinsa na shiga gidajen unguwa. Mata na zuwa da buhuna su ɗiba don hura wuta, masu kiwon kaji na shimfiɗa shi a ɗakin kaji, magina na kwaɓa shi da ƙasa. Ka tambayi mai injin, abin da zai ce maka bai wuce, "Malam, kwashi abinka, ka rage mini aiki" ba. Ranar da babban mai saye ya fara aiko motoci, wannan magana ta ƙare. Mai injin zai samu kuɗin da bai saba samu ba, unguwa ta huta da hayaƙi, amma tsohuwar da ke dafa tuwo da ɓuntun kyauta za ta koma neman itace, a jihar da ke cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa saboda hamada. Ya kamata duk yarjejeniyar sayen ɓuntu ta bar wa unguwa kasonta, kuma wannan abu ne da masu unguwanni da hakimai za su iya sa baki a kai tun kafin motocin su saba hanya.

Abin da nake tsoro shi ne kara. A takardun masana na waje karan gero da na dawa ana lissafa su cikin sharar gona. A ƙasar Sakkwato kara ba shara ba ne. Da shi ake danga, da shi ake rufin rumbu, shi dabbobi ke ci da rani, tokarsa ma tana da aiki a madafa. Wanda aka bari a gona shi ke riƙe ƙasa idan iskar hunturu ta taso, shanun makiyaya su ci su bar taki, tsohuwar ma'amala ce tsakanin manomi da Bafulatani. Idan aka sa wa kara farashin masana'anta, manomin da ke neman kuɗin magani zai share gonarsa ƙal ya sayar, kuma ba za a zarge shi ba. Bayan damina kaɗan ƙasar za ta nuna. A lissafin iskar kabon za a rubuta an ci nasara, a gona kuwa an yi asara. Kamfanin da ke son yin abin kirki a nan ya rubuta a fili cewa ba ya sayen kara.

Leda da tayoyi su ne inda kowa zai amfana. Ledar ruwa ta toshe magudanun birnin, tana kashe awaki da tumaki, ana ƙona ta a bola da ƙaramar wuta mai fitar da guba. Zafin tanderu yana cinye ta fiye da kowace bola, muddin ana tace abin da ake zubawa, domin robar da ke da sinadarin kulorin da shara mai ƙarafa masu guba ba su dace ba, kuma muddin ana auna abin da ke fita ta bututun hayaƙi. Masu tattarawa ma suna nan, 'yan bola jari sun san kowane lungu. Abin da ya rage shi ne wurin tarawa, sikeli na gaskiya, da farashin da zai sa yaro ya ga leda ya sunkuya.

Hasken rana kuwa, duk da Sakkwato na cikin wuraren da suka fi samun sa a Najeriya, iyakarsa wutar lantarki. Yana juya injin niƙa da fankoki, ba ya hura tanderu. Kowane tan na siminti na cin kimanin yunit 100 na lantarki, injunan kuma ba sa barci, rana tana faɗuwa. Ga hazo da ke rufe faifan sola sai an wanke da ruwa. Taimako ne mai kyau, ƙarami.

Lissafin da ba a cika yi ba

Matsakaicin duniya shi ne kimanin kilo 600 na iskar kabon a kowane tan na siminti. Idan aka ɗauki wannan ma'auni, wanda ba alƙaluman kamfanin ba ne, aka buga shi da tan miliyan 8, za a samu kusan tan miliyan 5 a shekara in layukan suna aiki cikakke. Tanderun 1967, ko an ce kowane tan nasa na fitar da tan guda cur, bai wuce 100,000 ba. Kowane buhu ya fi na da tsabta, jimlar hayaƙin kuma ta ninka sau da dama. Maganganun biyu duk gaskiya ne, kamfanoni a ko'ina na farkon suka fi son faɗa.

Ban kawo wannan don a ce a daina siminti ba. Abin da ɗan Najeriya ke amfani da shi a shekara bai kai sulusin matsakaicin duniya ba, muna buƙatar makarantu, gadoji da magudanai. In ba a yi shi a Kalambaina ba, daga Obajana ko Ashaka za a jawo shi da dizal. Tambayar ita ce ko za a taɓa kashi 60 ɗin nan na dutse.

Hanyar da ke hannu ita ce rage kilinka a cikin buhu. Dama yawancin simintin kasuwar Najeriya ana haɗa shi da garin dutsen da ba a ƙona ba, ƙa'ida ta yarda da hakan har wani mizani. Masana a jami'ar EPFL ta Suwizalan, tare da takwarorinsu na Kyuba da Indiya, sun fito da wani haɗi mai suna LC3: rabi kilinka, kashi 30 yumɓun da aka gasa a kimanin digiri 800, kashi 15 garin dutse, kashi 5 jifsam. Yumɓu ba ya sakin iskar kabon idan an gasa shi, don haka ragin na iya kaiwa kashi 40. A Tema ta ƙasar Gana an riga an gina babbar masana'antar gasa yumɓu don wannan. Ƙasar Sakkwato na da yumɓu iri-iri, gwada wanda ya dace kuma aiki ne da ya kamata Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda ke maƙwabtaka da masana'antar, ta sa a gaba tare da kamfanin.

Cikas ɗin yana kasuwa. Mai buga bulo ba ya tambayar hayaƙi, musamman bayan buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024. Yana so ya san bulo nawa buhu zai ba shi, da ko zai kama da wuri ya ɗaga gobe. Simintin yumɓu launinsa kan ja kaɗan, mai gini na iya ɗauka an cuɗa masa ƙasa. Mutane ba su manta da taƙaddamar 2014 ba, lokacin da hukumar kula da ingancin kaya ta SON ta taƙaita amfani da siminti mai lambar ƙarfi 32.5 ana danganta shi da rushewar gine-gine. Sai gwamnati ta fara gina nata ayyukan da irin wannan siminti, magina su gani da ido, kafin talaka ya yarda ya zuba kuɗin gidansa a kai.

Ɗaya hanyar, ta kama iskar kafin ta fita, tana can Brevik a ƙasar Nowe, masana'antar da ke cikin gidan Heidelberg, tsofaffin masu Kalambaina. A 2025 aka buɗe na'urar da ke kama tan 400,000 a shekara, kimanin rabin hayaƙin masana'antar, a kai shi ƙarƙashin teku, gwamnatin ƙasar ce ta ɗauki mafi yawan kuɗin. Wannan ba namu ba ne a nan kusa.

Maƙwabcin masana'anta

Duk abin da ya gabata lissafin duniya ne. Manomin albasa a fadamar da ke kusa, abin da ya shafe shi shi ne ƙura, ruwan rijiya, ƙarar fasa dutse, tireloli a bakin makarantar yara, da gonar gado idan filin haƙa ya matso. Kowace masana'antar siminti a duniya tana da waɗannan batutuwa. Ƙurar siminti na da kaifi, idan ta yawaita tana zama a kan ganye tana sauya yanayin ƙasa, ƙananan ƙwayoyinta na shiga huhu. Sababbin layuka na da manyan jakunkunan tace ƙura da ke kama kusan dukkanta, matuƙar ana sauya waɗanda suka yage a kan lokaci, ana kuma yayyafa ruwa a hanyoyin filin haƙa.

A Sakkwato gardamar ƙura tana da wuyar yankewa, domin daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo na tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ya lulluɓe kowa. Mai tari zai ce masana'anta ce, wani ya ce hunturu ne, a watse ba a tsayar da komai ba. Na'urar auna ƙura ce ke raba wannan gardama: a kafa ta gabas da yamma da masana'antar, ta yi aiki damina da rani, a liƙa sakamakon a ƙofar hakimi da asibitin yankin, da Hausa, da boko da ajami. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin da za a gwada da shi a 2021. Kuɗin wannan aiki bai kai na tirela ɗaya ba, kuma kamfanin da ya tabbata da matatunsa shi zai fi kowa cin moriyarsa.

A nan rancen ya shigo. IFC ba ta ba da kuɗi sai da sharuɗɗa takwas na muhalli da zamantakewa, waɗanda aka sabunta a 2012. Na farko ya wajabta tuntuɓar al'ummar da aikin ya shafa da buɗe musu ƙofar kai koke. Na uku ya ce aikin da ke fitar da sama da tan 25,000 na iskar kabon a shekara sai ya riƙa ƙididdige ta duk shekara. Na huɗu kan lafiya da tsaron maƙwabta ne. Na biyar ya ce wanda aka karɓi filinsa a biya shi abin da zai maye gurbinsa cikakke, a kuma mayar masa da hanyar cin abincinsa, ba kuɗin hannu kawai ba. Sama da duk wannan akwai ofishin CAO, mai zaman kansa, da aka kafa a 1999 don sauraron mutanen da ayyukan IFC suka shafa, kuma yana karɓar koke da kowane harshe. Takarda da Hausa daga ƙauyen Wamakko tana da hurumin isa Washintan, inda ofishin yake. Sai dai bayanan aikin da ke shafin IFC na intanet da Turanci suke, Turancin ma na masana. Fassara su da karanta su a gidajen rediyon jihar aiki ne da ke jiran ɗalibanmu da ƙungiyoyinmu.

Dokokin gida ma suna nan: dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta NESREA da aka kafa a 2007, da dokar sauyin yanayi ta 2021, wadda ta ɗora wa duk kamfani mai ma'aikata 50 ko fiye nauyin ɗaukar matakan rage hayaƙi da naɗa jami'in da zai kula da hakan. A 2021 ɗin ne Buhari ya yi wa duniya alƙawari a taron sauyin yanayi na Gilasgo cewa nan da 2060 Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa. Daga 2028 kuma manyan kamfanoni za su shiga tilascin bayyana alƙalumansu na muhalli bisa ƙa'idar duniya. Kowa ya san raunin aiwatar da doka a ƙasar nan. Mai ba da rance kuwa yana turo masu duba aiki, kuma kamfani na jin maganarsa.

Akwai abu ɗaya da zai daɗe fiye da tanderun kansa, wato ramukan haƙa. Tan miliyan 8 na siminti na buƙatar miliyoyin tan na dutse duk shekara, kowane rami kuma wata rana za a gama da shi. Ana iya mayar da ƙasar saman da aka kwashe a dasa bagaruwa, gawo, aduwa da kurna, waɗanda suka san ranin nan, a ƙirga nasara da yawan waɗanda suka rayu bayan rani na uku, ba da yawan waɗanda aka dasa ranar biki ba. Ana iya gyara bakin wani ramin ya zama tafkin noman rani da shayar da dabbobi, a katange mai zurfin saboda yara. Wanne za a yi, wa zai mallaki filin bayan haka, kuma a wane asusu aka ajiye kuɗin gyaran, tambayoyi ne da hakimai, majalisar ƙaramar hukumar Wamakko da ma'aikatar muhalli ta jiha ya kamata su nemi amsarsu a rubuce tun yanzu. Sharuɗɗan IFC suna aiki ne muddin bashin na kan kamfanin, ranar da aka biya kaso na ƙarshe masu duba aikin za su daina zuwa, haƙar dutse kuwa za ta ci gaba shekaru da dama bayan nan.